Ba Kowane Kumburin Ciki Ne Juna Biyu Ba

Akwai wani labari wanda kusan kowace unguwa a Achilafiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita za ta iya ba da irinsa. Mace ce cikinta ya fara tasowa. Maƙwabta suka lura, uwar miji ta soma tanadin itacen wankan jego. Wata tara ya cika, shiru. Aka shiga na goma, aka wuce shekara, ba naƙuda, ba motsi. Sai tsofaffi suka ce ai cikin kwanciya ya yi, a nemi maganin tashe shi. Aka jiƙa saiwoyi, aka yi turare, aka sayar da akuya aka kai wa mai magani. Ita kuwa matar wuyanta yana ramewa, ciki yana ƙaruwa, har ta kai ba ta iya sunkuyawa ta yi shara. Ran da aka ɗauke ta a mota zuwa babban asibitin Kazaure, abin da likita ya fara tambaya shi ne, ina kuke tun tuni?

Jama'a, cikin ɗan Adam ba ya kwanciya. Kwanakinsa mako 40 ne, in ya yi nisa ƙwarai ya kai 42. Abin da ya zauna a cikin mace shekara guda ko biyu yana girma, wani abu ne dabam, kuma sau da yawa ƙari ne. Wani a jikin mahaifa yake, wani kuwa a gefenta, a gidan ƙwai. A kan wannan na biyu nake so mu yi magana, gama a ganina kuskure biyu muke yi game da shi. Na dā shi ne zama a gida har abu ya ɓaci. Na yanzu kuwa shi ne firgita da kashe kuɗi a kan abin da zai warke don kansa. Tushensu ɗaya ne, watau rashin sanin wane iri ne ke cikin matar.

Duk macen da ta taɓa gyara kaza mai ƙwai ta riga ta ga abin da zan kwatanta. In an buɗe cikin kazar akan tarar da wani curi na ƙananan ƙwayaye, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar gujiya, wani ya kusa zama cikakkiyar gwaiduwa. To, mace ma tana da irin wannan wuri, amma nata biyu ne, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu, kowanne girmansa bai fi dabino ba. Shi ne gidan ƙwai. Ƙwan mace ƙanƙane ne ainun, da ƙyar ido zai gan shi, amma a cikin wata 'yar jakar ruwa yake nuna. Kowane wata jaka ɗaya takan girma har ta kai kamar ɗan kanya, sa'an nan ta fashe a tsakiyar wata, ta saki ƙwan. Ƙwan ya faɗa cikin wani siririn bututu mai tsawon kamar santimita 10, wanda zai kai shi mahaifa. Likitoci sukan haɗa gidan ƙwai da wannan bututu su kira su da suna ɗaya, ma'anarsa abubuwan da ke gefen mahaifa. In mai ɗaukar hoton ciki ya ce ya ga ƙullutu a gefen mahaifa, nan yake nufi.

Ke nan kowace mace mai ganin al'ada tana yin 'yar jakar ruwa kowane wata, ba ciwo ba ne, halitta ce. Wani lokaci jakar takan ƙi fashewa, ta ci gaba da tara ruwa. Wani lokaci kuma ta fashe, amma bakinta ya sake rufewa, ruwa ko ɗan jini ya taru a ciki. Waɗannan biyu su ne mafi yawan abin da ake kira sist a wuraren ɗaukar hoto. Mace tana iya jin ɗan nauyi ko ciwo a gefe ɗaya na mara, al'ada ta ɗan yi jinkiri, ko kuwa ba ta ji kome ba sam. Cikin wata biyu ko uku jiki yakan shanye ruwan, ƙullutun ya ɓace ba tare da ƙwaya ko allura ba.

A nan sabon kuskurenmu yake. Yanzu injin hoton ciki ya yawaita, ba sai an je Kano ba. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma mace takan je da ciwon mara, a shafa mata mai a ciki, a dubi allo, a ce mata, kina da sist. Ba a gaya mata girmansa ba, ba a gaya mata irinsa ba. Ta dawo gida da takarda cikin Turanci da zuciya a tsinke, tana tsammani haihuwa ta ƙare mata. Sa'an nan ta ji mai tallar magani a lasifika ran kasuwa, ko a rediyo, ko a wayar hannu, yana cewa yana da mai narkar da sist. Ta sayar da riɗinta ta saya, ta sha wata biyu, ta koma hoto, aka ce babu. Shi ke nan mai magani ya sami shaida, ita ma ta zama mai yi masa talla a gidan suna. Alhali ko ruwan randa kaɗai ta sha a wata biyun nan, ƙullutun zai tafi. Wadda nata ba mai tafiya ba ne kuwa, ta yi ta sha kwalba bayan kwalba, lokaci yana wucewa, ba wanda zai ba da labarinta a lasifika.

Ga ma'aunin da likitocin mata suke bi. Idan mace ba ta daina al'ada ba, ƙullutun kuma ruwa ne zalla, bangonsa siriri, ba tsoka a ciki, bai kai santimita 5 ba, watau bai kai ƙwan kaza ba, to, ba abin tsoro ba ne, akan bar shi. In yana tsakanin 5 da 7, akan sa ido, a sake hoto. In ya wuce 7, ko yana ƙaruwa, ko an ga tsoka ko ɗakuna a cikinsa, sai a ƙara bincike, wataƙila a yi aiki. Saboda haka tambayar da ta kamata mace ta yi ba ita ce ina da sist ko ba ni da shi ba. Ta ce, Malam, santimita nawa ne? Ruwa ne zalla ko da wani abu a ciki? Yaushe zan dawo a sake dubawa? Mai hoton da ya kasa amsa waɗannan, a kai takardarsa wurin likita.

Bari in ɗan ratse. Akwai matan da akan ce musu gidan ƙwansu cike yake da ƙananan sist masu yawa. Yawanci su ne masu tsallaken al'ada wata biyu ko uku, wasu da gashi a haɓa, wasu da ƙiba, haihuwa kuma tana yi musu wuya. Kusan mace ɗaya cikin goma tana da wannan hali. Waɗannan ba ƙari ba ne, ƙwayaye ne da suka fara nuna suka tsaya a hanya, saboda sinadaran jiki ba su daidaita ba. Ba a yi musu fiɗa. Rage ƙiba yana taimako, akwai kuma ƙwayoyin da likita kan bayar su sa ƙwai ya fita, mata da yawa sun haihu ta haka. Amma kada a sayi irin ƙwayoyin nan a kemis a sha da ka, gama su kansu suna iya kumbura gidan ƙwai.

Waɗanda ba su tafiya don kansu

Akwai wani iri wanda ya kamata kowa ya ji labarinsa tun kafin ya gan shi, domin ran da aka gan shi ba shiri, maganar sammu takan tashi. An fi samunsa ga 'yan mata da mata masu ƙuruciya. In likita ya cire shi ya tsaga, sai a tarar da maiƙo kamar man shanu, da curin gashi, wani lokaci har da haƙori ko ɗan ƙashi. Wanda bai sani ba zai rantse jifa aka yi mata, nan da nan a fara kallon kishiya. Ba jifa ba ne. Ƙwayar halittar da ke cikin gidan ƙwai aikinta ke nan ta iya zama kowane sashe na jiki, fata ko gashi ko haƙori. Wani lokaci takan fara wannan aiki ita kaɗai, ba tare da namiji ba, ba tsari, sai ta tara waɗannan abubuwa cikin jaka. Ana samunsa ga matan Ingila da na Indiya da na Sin, inda ba wanda ya san kishiyar wata. Kusan dukansu ba ciwon daji ba ne. Amma ba ya narkewa da kowane irin magani, yana da nauyi kuma, sai an cire.

Wani iri kuma daga fatar gidan ƙwai yake tsirowa, ya cika da ruwa ko da wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Shi ne mai girma ba iyaka, shi ne kuma aka fi ɗauka a kan kwantaccen ciki. Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan kuskure ba. A shekarar 1809, a jihar Kentaki ta Amurka, akwai wata matar manomi mai suna Jane Todd Crawford, mai 'ya'ya huɗu. Cikinta ya girma ƙwarai, likitocin ƙauyensu suka ce tagwaye ne, lokacin haihuwa ya wuce ba ta haihu ba. Aka kira wani likita, Ephraim McDowell, ya duba ya ce ba ciki ba ne, ƙari ne a gidan ƙwai. Ya gaya mata gaskiya, cewa ba a taɓa cire irinsa mai shi ta rayu ba, amma in ta yarda ta zo garinsa, Danville, zai gwada. Matar nan ta hau doki cikin hunturu ta yi tafiyar mil 60, watau ta fi nisan Kazaure zuwa Kano. Ran 25 ga Disamba ya buɗe cikinta, a zamanin da ba allurar barci, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cikin minti 25 ya fitar da ƙari mai nauyin kilo 10, nauyin jarirai uku ke nan. Bayan kwana 25 ta koma gida. Ta ƙara shekara 32 a duniya, sai a 1842 ta rasu.

Abin da ya kama hankalina a labarin nan ba gwanintar likitan ba ce kaɗai. Matar da mijinta sun karɓi magana mai ɗaci, cewa ba ɗa a cikin nan, suka kama hanya. Yau fiye da shekara 200 ke nan. Aikin da aka yi mata ido biyu a kan tebur, yanzu ana yinsa mace tana barci, da ƙarin jini a ajiye, da magunguna. Mu kuwa har yanzu muna jiran cikin ya tashi.

Injin hoton ma da irin wannan ƙari ya fara nuna amfaninsa. Wani likitan mata a birnin Gilasgo, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka fara gwada shi, suka buga sakamakonsu a 1958. Cikin matan farko da suka duba akwai wadda aka riga aka yanke mata ƙauna, an ce ciwon dajin tumbi ne ya cika mata ciki da ruwa. Injin ya nuna babbar jakar ruwa ce a gidan ƙwai. Aka cire, ta warke. Injin da amo yake aiki, ba ya ƙona jiki, ba ya taɓa jariri in akwai shi. Abin da ake bukata kawai mace ta sha ruwa da yawa ta riƙe fitsari kafin a duba ta, domin hoton ya fita sosai.

A nan dole in yi maganar 'yan mata. Budurwa ma tana iya yin ƙari a gidan ƙwai, har yarinyar da ba ta fara al'ada ba. Cikinta ya taso, gari ya ɗauka, a tsare ta a ɗaki ana tambayarta wane ne, a cire ta daga makaranta, wani uban har da duka. Yarinya tana rantsuwa ba mai saurara. Iyaye, kafin a ɗaga murya a ɗaga ƙafa zuwa asibiti. Awon fitsari da hoton ciki ba su ɗaukar rabin yini. Sunan yarinya in ya ɓaci a gari, ko an fito da ƙarin an ajiye a faranti kowa ya gani, ba duka yake gyaruwa ba.

Rabon maza a ciki

Ba kowane ƙullutu a gefen mahaifa ne daga gidan ƙwai ba. Wani bututun ne ya toshe ya kumbura da ruwa, wani kuwa mugunya ce ta taru ta haɗe bututu da gidan ƙwai wuri ɗaya. Matar takan yi fama da ciwon mara gefe biyu, da zazzaɓi, da fitar ruwa mai wari, da zafi lokacin kwanciya da miji. Daga ina ƙwayoyin cutar suke zuwa? Wasu daga haihuwa ko ɓari da aka taɓa da hannu ko kaya marasa tsabta. Wasu daga cushe-cushen da ake saye a kasuwa. Tarin fuka ma yana iya sauka can. Amma babban rabo na cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ne, ciwon sanyi da ɗan'uwansa wanda sau da yawa ba ya nuna alama ga namiji. Mun saba cewa sanyi na mata ne, daga masai aka ɗauka. Maza, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal ko Abuja, ya dawo da abin da bai tafi da shi ba, ya sha kafso biyu ya ji sauƙi, ya bar matarsa da cutar tana cin bututunta a hankali. Bayan shekara uku ba haihuwa, shi ne kuma mai cewa zai ƙara aure.

Wannan iri yana jin magani in an kama shi da wuri, amma sai an sha cikakke, mako biyu cur, ba kafso uku na kemis ba. Kuma sai an yi wa miji magani tare, in gidan da mata biyu ko uku a yi wa kowa a lokaci ɗaya. In ba haka ba, ana zuba ruwa ne a kwando. Idan mugunya ta riga ta taru, sai an kwantar da matar an yi mata allurai ta jijiya, wani lokaci a buɗe a zubar.

Daren da ba a jiran safiya

Ku dubi duma a jikin yaɗonsa. In an kama shi an juya sau biyu ko uku, hannun da ke riƙe da shi ya murɗe, ruwa ya daina isa gare shi, sai ya mutu. Haka gidan ƙwai yake, a rataye yake da jijiyoyin jini. Idan ƙari ya yi masa nauyi, musamman in ya wuce santimita 5, yana iya juyawa ya shaƙe jijiyoyin. Matar tana cikin daka ko ɗibar ruwa, sai ciwo ya soke ta farat ɗaya a gefe ɗaya na mara, ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba, ga amai. Wani lokaci ya lafa ya sake dawowa. Wannan lissafinsa na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba. In an buɗe da wuri, likita yakan warware murɗin, ya cire ƙarin, ya bar gidan ƙwai da ransa. In an kwana biyu ana ba ta jiƙon kanwa ana cewa murɗar ciki ce, sai a tarar ya yi baƙi ya mutu, dole a cire shi duka. Ƙullutu kuma yana iya fashewa ya zubar da jini a cikin ciki.

Wanda ya fi su kisa shi ne cikin da ya zauna a bututu maimakon mahaifa. Cikin kowane ciki ɗari, ɗaya ko biyu haka suke, an fi samunsa kuma ga wadda ciwon sanyi ya taɓa ƙuntata wa bututu. Matar ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sai ciwo a gefe ɗaya, da ɗan ɗigon jini baƙi-baƙi. Ran da bututun ya fashe, jinin ba waje yake zuba ba, ciki yake taruwa, shi ya sa mutanen gida ba su ganin haɗarin. Alamarsa jiri, da sanyin hannu da ƙafa, da farin ido, da suma, wata har takan ji ciwo a kan kafaɗa. Sau nawa aka ga mace ta faɗi haka aka ce iska ce ta buge ta, aka rufe ta da zane ana turare? Duk macen da ta yi ɓatan wata sa'an nan ta suma, a ɗauka jini ne ke zuba a cikinta. A nufi asibitin da ake fiɗa kai tsaye, Kazaure ko Babura ko Daura, wanda ya fi kusa, kada a tsaya ɗakin shan magani na ƙauye. A tafi da maza biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai ciwon gaggawa, ya kamata mu san wannan.

Iyayenmu mata da suka daina al'ada, nasu hukunci dabam ne. Gidan ƙwansu ya daina aikin wata-wata, saboda haka ƙullutu a wurinsu ba a yi masa sakaci, ko ƙarami ne sai likita ya duba shi da kyau ya bi sawunsa. A shekarun nan ne ciwon dajin gidan ƙwai ya fi kamu. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen 324,000 suka kamu da shi a duniya, wajen 207,000 suka mutu. Abin da ya sa yake kisa haka, ba ya ihu da fari. Alamunsa irin waɗanda tsohuwa za ta ce ba kome ne: kumburin ciki da ba ya sauka, ƙoshi bayan loma uku, yawan fitsari, rama, zane ya daina kai wa inda ya saba. In waɗannan sun wuce mako biyu ko uku kullum, a kai Inna hoto. Ba lalle daji ba ne. Tarin fuka na ciki ma yakan tara ruwa ya yi kama da shi sak, shi kuwa yana warkewa da magani na wata shida, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta. Akwai kuma labari mai daɗi ga matanmu: yawan haihuwa da shayarwa mai tsawo suna rage haɗarin wannan daji, haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa. Ragewa na ce, ba hanawa ba.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya. Kada a bar wanzami ya yi wa kumburarren ciki sakiya ko tsaga. Ko likita ba ya son huda irin wannan ƙari da allura, gama ruwan yakan sake taruwa, in kuwa daji ne, hudawar tana watsa shi cikin ciki. Balle ƙarfen da aka sa a wuta, wanda zai iya samun hanji.

Tsoron fiɗa

Na san abin da ke hana maigida sa hannu a takarda. Yana tsoron za a cire wa matarsa mahaifa, haihuwa ta ƙare. Ga mace mai ƙuruciya da ƙari marar daji, abin da likita yake ƙoƙarin yi shi ne ya ɓare ƙarin daga gidan ƙwai kamar yadda ake ɓare gyaɗa, ya bar gidan a wurinsa. Ko da ya zama dole a cire gida ɗaya ɗungum, ɗayan yana ɗaukar aikin duka biyu. Al'ada ta ci gaba, ciki ya shiga, maza da mata duka ana haifa. Maganar cewa gefen dama na 'ya'ya maza ne, hagu na mata, ba ta da tushe. A manyan asibitoci akan yi wani aikin ta 'yan ƙananan huda a ciki da madubi, mace ta tashi cikin kwana kaɗan. Cire mahaifa da gidan ƙwai duka biyu sai ga wadda ake zaton daji, ko wadda ta riga ta wuce haihuwa. Gaskiyar ita ce jinkiri shi ke cinye gidan ƙwai, ba wuƙar likita ba.

Bayan aiki akwai abin da muke mantawa. Ƙarin da aka cire ba na binnewa a bayan gida ba ne. Akan sa shi a kwalba da magani a aika ɗakin bincike, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a yanka shi siriri a duba da madubin likita. Wannan ne kaɗai zai tabbatar ko daji ne ko ba daji ba. Iyalai da yawa in mace ta tashi ta ci tuwo, sai su ce ai ta warke, ba mai komawa karɓar sakamako. In daji ne, tana bukatar ƙarin magani ta jijiya nan da 'yan makonni. A biya kuɗin awon, a koma a karɓo takardar.

Sauran magana izini da kuɗi. A shekarun da suka biyo bayan 2008 an yi wani shiri na lafiyar mata da yara a jihohin Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, da taimakon Birtaniya da Norwe. Ya koya wa ƙauyuka abubuwa masu sauƙi: miji ya ba matarsa mai ciki izini tun da wuri a gaban shaidu, cewa in haɗari ya taso a kai ta asibiti ko ba ya nan, unguwa ta yi asusun gaggawa, a san masu ba da jini, a shirya da direbobin tasha su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare. A nan Jigawa kuma mun san shirin Haihuwa Lafiya. Dabara ce mai kyau, amma mun ɗaure ta a kan mai ciki da mai naƙuda kaɗai. Wadda ƙari ya murɗe mata ba ta da ciki. Wadda bututunta ya fashe, sau da yawa ita kanta ba ta tabbatar tana da ciki ba, balle ta faɗa wa wani. Gwaggo mai shekara sittin ba ta cikin lissafin kowa. Kuma rani, lokacin da rabin mazan gari suke kudu, ciwo ba ya jira su dawo. Waya tana taimako, amma wayar da ba caji ko ba sabis ba ta ba da izini.

Shawarata ga masu unguwanni da ƙungiyoyin mata da na manoma a Achilafiya, da na ƙasar Roni da Gwiwa da Babura, a faɗaɗa izinin nan ya shafi kowace mace a gida, da kowane ciwon ciki mai tsanani. Maigida kafin ya tafi cin rani ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙanensa, ya kuma nuna abin da za a sayar, tunkiya ce ko buhun riɗi. Asusun unguwa kuma a rubuta a littafinsa cewa yana biyan kuɗin mota da na hoto ga mace ko ba ta da ciki, ta mayar da kaka.

Ke kuma 'yar'uwa, takardar hoton da aka ba ki kada ki naɗe ƙosai da ita. Ki sa ta a leda ki ajiye a ƙasan akwati, ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta ranar a bayanta. In an ce ki dawo bayan mako shida ko wata uku, ki dawo ko kin ji sauƙi, ki zo da tsohuwar takardar a hannu, domin da ita likita zai gwada ya ga ko ƙullutun ya ragu, ko yana nan, ko ya ƙaru. Ki kuma riƙe ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, gama ita ce tambayar farko da za a yi miki.